Gonar Kawu Jatau Daga Bisa

Ofishinmu yana hawa na biyu, daf da gadar Kawo,
fanka ɗaya ce, ita ma sai ta ga dama.
Nan nake zama da safe, shayi yana hucewa,
ina jiran abin da tauraron ɗan'adam ya tsinto mana
da ya ratsa jiya ta bisa.

Ba namu ba ne mu kaɗai.
Wasu suka ƙera gangar jikinsa, wasu suka wasa masa ido,
wasu suka ara filin da aka cilla shi,
mu ma muka miƙa ɗan abin da ya sawwaƙa.
Adashi ne: kowa ya zuba,
ranar da ta zo kanka ka kwasa.

A watan Agusta hadari kan yi mana rowa,
ya shanya zanensa tun daga Kajuru har Giwa,
mako uku ko tudu ba mu gani.
Sai in rubuta wa wata mata a bayan teku,
ban san fuskarta ba, tana haɗiye rabin sunana,
amma nasu tauraron yana gani ta cikin girgije.
Kafin la'asar ta aiko.
Ni kuma da rani in rama mata
da abin da ƙafata ta auno a ƙasa.

Ran Laraba Kawu Jatau ya zo daga Maigana,
asibitin ido ya kawo shi,
ya biyo da ƙullin barkono ya ga wurin aikina.
Na ce, Kawu, zo ka ga gonarka.
Ya gyara sabon tabarau, ya matso kusa.

“Wannan tabon?”
Na ce shi ne. Ga tsamiyarka, ɗigo baƙi.
Ga fadama. Ga kwarin da ruwa ya fara yanka
shekara tara baya, siriri kamar zaren lilo.
Ga shi bana, ya wage baki irin na kada,
ya lashe kadada guda, bai ce ya ƙoshi ba.
Kawu ya riƙe haɓa, idonsa ya tafi nesa.

Da na tsaya nan da an rabu lafiya.
Amma hannuna ya zame kan burtali:
da can garke biyu kan gitta ba su gogi juna ba,
yau ya tsuke kamar wuyan gora,
kuma koren da ya shige shi ta gabas
masarar Kawu ce, ba ta kowa ba, tasa.

Ya yi tarin da ba na mura ba.
“Tasalla, wa ya ba su izinin leƙa gonar mutum
ba ko sallama?”
Na yi dariya. Da dare dariyar ta guje ni,
don ni ma ban san iyakar masu leƙen ba,
ko abin da kowannensu ke lissafawa a ransa.

“Ya ga inda muka kwantar da Innarku, gindin tsamiya?
Ya san gefen da dawa ta fi zaƙi?”
Na ce a'a, launi yake gani.
“To.” Ya ce in buga masa hoton a takarda.
Ya ninke shi huɗu tare da katin asibiti,
ya tura cikin aljihunsa.

Bayan girbi ya kira ni da wayar maƙwabci.
“Yaushe abin naku zai sake wucewa?”
Jibi da hantsi, Kawu.
“Ki duba da kyau.
Bakin kwarin nan duk jema na dasa.”

Na duba. Jemar ba ta yi girman a gan ta ba.
An ce kuma kunya biyar ya mayar wa burtali,
ko kunya ce ta mayar da shi, oho,
idon tauraron bai kai ya ƙirga kunya ba.
Na rubuta wa matar bayan teku: ki jira ni zuwa Litinin.
Na zura takalmin roba, na ɗauki igiyar awo,
na gangara tasha,
ana kiran Zariya, saura mutum ɗaya,
na ce ni ce, ku matsa.