Tsinken Sakace

Daren Laraba a Rikkos, ruwan Agusta
yana dukan kwano tun la'asar.
Na gama rubuta wasiƙar murabus.
Shekara tara ina sakataren unguwa,
yau Sallau ya miƙe a gaban jama'a
ya ce kuɗin kwalbati sun yi ƙafa.

Sakin layi huɗu, kowanne da ƙaya.
Na danna. Firinta ta yi gyaran murya
kamar ladan zai ta da iƙama,
ta lashi bakin takarda, ta sake ta.
Jar fitila: ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf.

Na sake dannawa. Wannan karon haɗama:
ta kwashi uku a loma ɗaya,
suka shiga a karkace,
suka tsaya mata a maƙogwaro.

Na zare soket, na buɗe murfin baya,
na ja a hankali da hannu biyu
yadda ake cire sartse a ƙafar yaro.
Duk da haka kusurwa ta yage,
guntu bai fi farce ba
ya maƙale can inda ido ba ya kaiwa.

Tabawa ta leƙo da tocila:
"Malam, ko za ka bar ta ta kwana?"
Na ce aikin jikanki ne, Mudan,
jiya na gan shi nan da gyaɗa a aljihu.
Ta haska mini, ba ta ce uffan ba.

Na kira Kangyang, 'yar maƙwabcinmu,
mai shagon buga takardu a Taminus.
Da muryar barci ta ce, "Baba, taɓa takardar.
Ta yi sanyi? Daminar Jos ke nan,
takarda ma tana shan laima
ta manne wa 'yar'uwarta.
Ka karkaɗa su kamar mai ƙirga kuɗi.
Kada ka cika mata ciki.
Matso da 'yan shingen gefe su riƙe su daidai.
Tayar roba kuma, sami tsumma mai ɗan danshi,
kana gogawa kana juyawa."

Kamar mai ƙirga kuɗi.
Har ita ma.

Na goga. Tsumma ya fito baƙi ƙirin,
robar ta yi sulɓi irin na tsohon silifas.
Na juya taya, na juya, sai wani abu ya ce ƙas.
Na sa hantsaki, na laluba, na zaro
guntun takardar nan,
a bayansa kuma, tsinken sakace.

Na san tsinken.
Ni nake saƙala shi a bayan kunne,
ni nake sunkuyawa in zuba takarda.
Tabawa ta dube shi, ta dube ni,
ta tafi ɗora ruwan shayi.

Na ware goma, na ɗumama su a ƙirji
ƙarƙashin rigar sanyi, na jera, na mayar da soket.
Ta yi miƙa, ta ɗauki ɗaya tak,
sumul, kamar ba ita ba.

Ina jiran tawada ta bushe
idona ya faɗa kan layi na shida:
"Ban taɓa kuskuren ko sisi ba."

Na jawo jakar rasidai daga ƙarƙashin gado.
Sun yi sanyi su ma.
Na lashi yatsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya,
yashi, rodi, kuɗin tifa,
sai ga na yashi ya yi mini kauri.
Na sa farce. Suka rabu da ƙyar:
siminti buhu sha biyu,
ban taɓa shigar da shi littafi ba.

Ruwa ya tsagaita. Shayi ya iso
da citta fiye da yadda nake so.
Na kifa wasiƙar, na ɗora kofi a kanta.

Gobe zan sayo wa Mudan gyaɗa.
Sallau kuwa,
bari in shanye wannan tukuna.