Tsakanin Re da Mi

A bene na biyu, bayan Titin Gidan Zu,
inda janareta ke tari tun azahar,
ni da Sagiru muka raba tebur,
muka raba shayi,
gardama ce ta ƙi rabuwa.

Shi linzami yake riƙewa.
Layi biyar a miƙe kamar igiyar shanya,
ya ɗauko baƙin ɗigo mai jela,
ya rataye, ya ja baya, ya karkata kai
kamar tela na duban wuyan riga.
Ya ce, "Kiɗan da ido bai gani ba,
ta ina kunne zai shaide shi?"

Ni kuwa haruffa nake zubawa,
harafi, lamba, waƙafi, harafi,
kamar mai rubuta bashi a Kantin Kwari.
Ba kyan gani, na yarda.
Amma yatsu goma ba sa jiran kibiya:
kafin ya shanya bakwai, na kai Kabuga.
Sai ranar da na manta waƙafi guda,
shafi ya fito fari fat,
Sagiru ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Ran Laraba Baba Tsalha ya hawo,
yana hutawa duk bayan matakala uku,
kukumarsa cikin tsohon buhun shinkafa.
Jikarsa Hajjo ce ta matsa:
a rubuta tun hannun bai fara gardama ba.

Ya ja, muka bi.
Ya sake ja, muka bi.
Sai can, tsakanin re da mi,
tsirkiyar ta lanƙwasa
kamar muryar wanda zai yi kuka ya fasa.
Sagiru ya ɗora ɗigo a layi, ya yi sama.
Ya sauke shi, ya yi ƙasa.
Na lalube madannai kaf,
babu harafin da ya amsa sunan.

Muka kunna masa abin da na'ura ta haddace.
Ya saurara, goro a kunci.
"Gidan ne," in ji shi, "ban musa ba.
Mai gidan ne dai ya fita."

Har yau muna gardamar.
Amma a shafin Sagiru akwai da'ira ja
da ya zana da biro, babu komai ciki.
A nawa akwai layi ɗaya
da na'ura ke tsallakewa:
a nan, a tambayi Hajjo.