Turke na Arba'in da Bakwai

A Saskatchewan, inda ƙasa ta kwanta shimfiɗe
har ido ya gaji bai ci karo da tudu ba,
ni ne mai hawa.
Su zana layi a ofis, ni in rataya a kansa.

Tsoho Orest Hrynkiw a bayan ambulan yake lissafi.
Ya auna iska, ya auna nauyin waya,
ya ninka huɗu, ya ajiye fensir.
"Itace ba ƙarfe ba ne," in ji shi,
"ba ka san wuyar da ya sha a daji ba.
Bar masa rara."

Solveig Aasen da kwamfuta ta zo.
Ta ce ninki huɗun nan bargo ne
da aka lulluɓe rashin sani da shi.
"Turke in ya sunkuya, kayan kansa ƙara jan sa suke,
ambulan ɗinka bai ga wannan ba.
A miƙe ka yi almubazzaranci, a kwana ka yi rowa.
Akwai guguwar da sai shekara hamsin take leƙowa,
ita za a dafa wa abinci."

Wata uku ana ja, shayi yana hucewa.
Da aka gaji aka raba layin:
arewa tasa, kudu tata.

Damina shida, sai wani daren Fabrairu
ruwa ya sauko ya daskare a jikin waya
har ta yi kaurin damtsena.
Nasa suka ƙame kamar sojoji.
Nata suka rusuna kamar masu gaida surukai,
rana ta fito, suka miƙe.

Ɗaya ne ya faɗi.
Na arba'in da bakwai, a kan iyaka,
tsohon turken da muka tarar a wurin,
kowannensu ya rubuta masa lafiya bai je duba shi ba.
Kwana uku Agatha Klassen tana tatsar shanu talatin da hannu,
fitilar kananzir a rataye.

Suka zo tare, mota ɗaya, ba mai magana.
Na buga guduma a gindinsa,
ya amsa kamar ganga.
Orest ya cusa hannu, ya damƙo cikin itacen,
ya murza, ya zube kamar garin rogo.

Solveig ta cire safar hannu cikin wannan sanyi.
Ta ce, "Ara mini gudumar."
Ta nufi na arba'in da takwas,
dusar ƙanƙara har gwiwa,
tsohon yana bin sawunta, yana laluben fensir.