A Bencin Asibitin Idi-Araba

Matso nan, Sahura, bencin zai ɗauke mu.
Tun daga ƙofa na gane ki:
goyon da ya wuce shekarun goyo,
katin asibiti a hannu kamar sammacin kotu.
Haka na shigo ni ma, bana shekara tara.

Wancan mai dariya a keke, Nafi'u ne, nawa.
Ranar haihuwarsa bai yi kuka ba
sai da ungozoma ta gaji da jijjiga.
Wata shida, wuya bai tsaya ba.
Aka ce iska ce, aka ce baki ne,
aka ce wani abu na tsallaka a bakin kwata da tsohon ciki.
Na sayar da 'yan kunne, na sayar da keken ɗinki,
na bi masu magani daga Agege har Alaba Rago.
Hayaƙi ya baƙanta mana rufin ɗaki,
wuyan yana nan inda yake.
Kada ki bi hanyar nan.
Na riga na bi miki ita, babu kowa a ƙarshenta.

Abin da ya yi aiki ba shi da kwarjini.
Tawul a naɗe ƙarƙashin ƙirji.
Miƙe ƙafa, lanƙwashe ƙafa,
goma bayan asuba, goma bayan isha'i,
ko da wuta ko babu.
Cokali da babansa ya naɗa wa robar taya
don mariƙin ya cika masa hannu.
Zaunar da shi kafin ki ba shi kunu, kuma ki bi a hankali.
In likita ya zuba Turanci, ki ce ya sake.
Ba kunya kika zo saya ba.

Garin nan ba ya jiran mai ƙafa biyu,
balle mai ɗauke da wani.
Kwandasta zai ce keken kuɗin mutum guda ne,
gadar Oshodi za ta ƙirga miki ƙasusuwan bayanki.
Wata rana za ki tsani kowa,
har shi, na ƙiftawar ido.
Ki yi alwala, ki sha ruwa. Ba ki zama muguwa ba.

Kada ki rufe shi a ɗaki.
Shekara biyu ina sakin labule in an yi baƙi,
sai Iya Bose mai wake ta ɗage shi da kanta,
ta ce, kawo min mijina ya tsare min tukunya.
Yanzu duk Alhamis yana can yana karɓar gaisuwa,
ni kuwa ina barci kamar an biya ni.
Wanda ya miƙo hannu, ki sa masa aiki.

In yana da yaya, ki bar ta ta yi wasa.
Barira tawa sai da ta ce min,
Umma, ni ma ɗiyarki ce.
Har yau maganar tana min ƙaiƙayi.
Mijinki kuma, in ya yi shiru, ba lallai ƙi ba ne.
Nawa a bayan buhunan albasa yake kukansa,
can kasuwa, inda zai ɗora wa albasar laifi.

Ba zan ce miki zai taka ba. Ban sani ba.
Nawa bai taka ba.
Amma yana shekara bakwai, wani dare na damina,
sama ta tsage a kan kwanon ɗakinmu,
muna ta jera bokitai,
sai muka ji daga tabarma: ruwa.
Kalma ɗaya.
Muka tsaya, ɗaki na cika, babu mai motsi.

Ga shi an kira lambarki.
Kawo jakar, zan riƙe.
Af, yaya sunansa ma?