Tafinta a Silimar Ebute Meta

Ni ne mai yaga tikiti a ƙofar gabas,
zamanin da sule ɗaya ke kai mutum bencin gaba.
Silimar ba rufi, sai taurarin Ikko.
In hadari ya taso daga teku
mu ƙarasa kallo da jarida a ka.

Farin bango, hoto baƙi da fari.
Makaɗa talatin cikin fararen kwat, a jere kamar haƙora,
kowa da kakakinsa na tagulla.
In suka miƙe tare sai benci ya ɗauki rawa,
mai ganga can baya yana dariya shi kaɗai.
Ga wani siririn bature, takalminsa na hira da daɓe,
ƙwas, ƙwas-ƙwas,
yana bin wata mai gashi kamar audugar rimi.
Ta mare shi, ya faɗa tafkin lambu,
ya fito yana waƙa, malafarsa na ɗiga.
Labarin kullum guda ne:
a saɓa, a yi rawa, a ɗaura aure.

Lantana takan zo ran Asabar
da ƙanenta Barau, mai barci tun ba a kashe fitila ba.
Gyaɗa a bakin zane, kallabi ruwan goro.
Ran nan ta ce, "Mai tikiti, me wancan ke cewa?"
Turancina bai wuce na tashar Iddo ba,
na kawo kaya, na ba ni canji.
Sai na ji bakina ya riga ni:
"Wai tun da ya gan ta tuwo ya daina masa daɗi."
"Ita kuma fa?"
"Ta ce ya ƙara gishiri."
Dariyarta ta tashe Barau.

Daga nan na zama tafinta.
Bature ya buɗe baki, ni in zuba masa Hausa.
In ya durƙusa da fure a hannu
in ce yana tambaya ko babanta na gida ran Juma'a.
In kakaki ɗaya ya ware ya ja dogon kuka
sai in yi shiru,
wannan ba ya neman fassara.
Wata bakwai ina aron bakin wani
don maganar da ta fi ƙarfin nawa.

Sati biyu da tarewa, a ɗakinmu na Agege,
takardar kuɗin ruwa ta zo.
Ina jujjuya ta, ina gyaran murya,
ta karɓa ta karanta tiryan-tiryan
kamar mai labaru a rediyo.
Ashe har aji shida ta yi a cikin tsibiri.
Na ce, "Duk watannin nan?"
Ta ce, "Ina jin nasu, ina jin naka.
Naka ya fi."

Yanzu taya ake tarawa a wurin.
Na bi ta can bara, bangon na nan,
an rubuta masa lambar wayar mai gyaran janareto.
Lantana, damina huɗu ke nan tana kwance a maƙabartar Agege.

Jiya jikana Mati ya tono mini irin fim ɗin a waya,
makaɗan sun koma kamar tururuwa a tafin hannu,
da rubutu a ƙasa, yana karanta mini.
Wai baturen, duk durƙuson nan,
kuɗin haya yake roƙo a ɗaga masa.

Na ce, "Kashe rubutun, ƙaro murya."
Na gyara zama, na bar wuri a gefen dama.
Bature ya buɗe baki.
Na ce, a hankali, don kada yaron ya ji,
"Yana cewa tuwon har yau ba daɗi."