Mai Hoton Asabar

Ni ba mai hoto ba ne.
Litinin zuwa Juma'a ina ƙirga katan-katan na magani
a wani sito a Kakuri, lamba a bayan lamba.
Kyamarar nan gwanjo ce, a Kasuwar Bacci na tsince ta.
Mai ita ya rantse lafiyarta ƙalau,
bai ce mini murfin batirin sai an ɗaure da kyauro ba.

Asabar kuwa tawa ce.
Na taɓa yin sammako na tsaya a kan gada
ina jiran rana ta kwanta a kan kogi yadda na gani a raina.
Ta leƙo, hadari ya rufe ta.
Wani masunci ya ɗago kai daga kwalekwale,
ya ce, "Malam, in ka gama ɗaukar ruwan, ka sayi kifi."
Na sayi karfasa biyu.
Hoton bai yi ba. Miyar ta yi.

Ranar da muka hau duwatsun Kajuru mu shida,
Habila ya zame, wandonsa ya yage har gwiwa,
yatsana kuma bai nemi izinina ba.
Har yau yana saya mini tsire don in goge.

Sai bikin ƙanwar Nafi'u a Unguwar Rimi.
"Ai kai namu ne," in ji shi,
na gane ko kuɗin keke-napep ba zan gani ba.
Sun ɗauko ƙwararre, da fitilu uku da yara biyu
da ɗan jirgi mai kukan zuma a saman rumfa.
Ya ture ni da gwiwar hannu bai ko waiwayo ba.
To, na bar masa amarya da ango,
na zagaya bayan gida.
Can na sami yaro yana barci a kan tulin takalma,
da naira ɗari biyu ta liƙi manne a tafin ƙafar wata,
da wata tsohuwa, Inna Lantana,
ta durƙusa tana hura wutar tukunyar shinkafa,
hayaƙi na sa ta hawaye, ita kuma tana dariya
da haƙoranta huɗu.

Amarya ta aiko da dare:
"Wanda ka ɗauke ni a ƙofa, ka ɗan haska ni."
Na zauna gaban kwamfuta har aka ɗauke wuta,
ina ƙara haske, Zinatu tana ɓacewa.
Na mayar da ita yadda Allah ya yi ta na tura.
Ba ta amsa ba.

Na jera su duka a intanet kamar shanya,
datar wata guda ta ƙare a kwana uku.
Mutum goma sha ɗaya suka nuna sun gani,
huɗu 'yan gidanmu ne.
Wani ya kwashe hoton kogin, ya yanke sunana,
ya yi tallan filaye da shi.

Bayan Babbar Salla wayata ta yi ƙara.
Wani saurayi ne daga Rigasa, muryarsa na rawa:
kakarsa ce mai hura wutar,
shekaranjiya aka yi addu'ar bakwai,
kuma duk gidan babu hotonta
sai na katin zaɓe, inda ta ɗaure fuska.
Nawa zai biya?
Na wanke masa babba, na kai da kaina a bas.
Suka yi ta miƙa wa juna, ba mai magana.
Aka kawo mini kunu, na kasa sha.

Ni kaina ba na cikin ko ɗaya.
Sai jiya Murja, 'yar shekara biyar,
ta ɗauke ni da wayar uwarta ina goge gilashin kyamara.
Ta yanke mini rabin kai, ga yatsanta a gefe.
Shi na sa a sama.