Ɗan da Ya Girmi Uwarsa

A Zege, bakin tafkin Tana,
inda itatuwan gahawa ke ɓoye hanyar majami'a,
na yi shekara huɗu ina niƙa wa Abba Kinfe launi.
Ja daga ƙasar gangare,
baƙi daga kunkunniyar fitila,
rawaya daga wani dutse da ya ƙi faɗa mini inda yake samo shi.
Ni ke fasa ƙwai, ni ke wanke alkalami.
Ban isa in taɓa bango ba.

Wata damina ruwa ya huda rufin ciyawa,
ya bi ta fuskar Jaririn,
ya wanke ido ɗaya, ya bar ɗaya yana kallonmu.
Abba ya hau tsani, gwiwa na rawa,
ni ina ƙasa riƙe da ƙoƙo.

Da ya gama na ce: Abba, ka yi kuskure.
Ƙanwata Yeshi ta haihu watan jiya,
na ga idon ɗanta, ruwa ne da bai kwanta ba.
Wannan kuwa idon wanda ya ga jiya ne, ya ga shekaranjiya.

Bai sauko ba. Ya ce: Tewabe,
Maryamun nan da ke rungume da shi,
shi ya ƙirga gashin kanta tun ba ta da kai.
Nonon da yake nema, shi ya tsara hanyarsa.
Ka taɓa jin ɗan da ya girmi uwarsa?
To ga shi a cinya, yana jin yunwa.

Na ce: in dai Ɗa ne, ai Uba ya riga shi.
Babana ya shekara talatin yana tuƙa kwalekwalen iwa
kafin a ji kukana.

Ya yi dariya har tsanin ya girgiza.
Babanka mutum ne kawai, sai da ka zo ya zama uba.
Wancan kuwa, jeka nemo mini safiyar
da gari ya waye masa ba shi da Ɗa.
Ka zo da ita, in ba ka alkalamina.
Babu ango a zancen nan, babu amarya,
ba kuma sassaƙa shi aka yi ba, yadda nake sassaƙa gicciye.
Abin da Uban yake, shi Ɗan yake.
Iyakar sanina ke nan. Misali gurgu ne,
ya kai ka bakin ƙofa ya zauna.

Na yi shiru. Ruwa na ɗiga cikin tasa.

Can ya ce: ranar da kwalekwalen babanka ya kife,
wa ya fito da shi?
Wanda ke nutsewa tare da shi ba ya iyawa.
Mai ihu daga tudu, shi ma ba ya iyawa.
Sai wanda ya faɗa ruwan, ya jiƙe sharkaf,
ya sha abin da babanka ya sha,
ruwan kuma bai fi ƙarfinsa ba.
Shi ya sa na ba shi kumatun jariri.
Shi ya sa na ba shi wannan ido.

Abba Kinfe ya rasu bayan bikin Timkat.
Rufin ya sake yoyo bana.
Sau uku ina goge idon:
in na tsufar da shi, kumatun su ƙi,
in na mai da shi na goye, bangon ya zama bango kawai.

Yamma ta yi, masunta suna komawa gida.
Ina kan tsani, hannuna yana rawa.
A ƙasa wani yaro na riƙe da ƙoƙo,
ya ɗaga kai, ya buɗe baki,
na san abin da zai ce.